Takalmin da Na Bari a Tur'a

Shekarar da aka tura ni koyar da lissafi a Managil ta ƙasar Sudan, a ƙauyenmu nake kwana, kullum da safe in bi gefen tur'a zuwa makaranta. Tur'a ita ce hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, miƙaƙƙiya sambal, ba ta san kwana ba.

A ɗaya gefen akwai wata budurwa da ke kai wa mahaifinta abinci gona. Mutanen garin Dinder ne, tsinkar auduga ta kawo su. Hanyarmu ɗaya, saurinmu ɗaya, ruwa a tsakani. Ina son ta ƙwarai, amma bakin nan nawa mai cika aji da surutu, da na hango ta sai ya mutu.

Abin haushi, darasin da nake kai a lokacin shi ne yadda ake samo layin da zai jera da wani. Da haruffan Larabci muke yi: sad daidai take da mim sau sin, a tara jim. In ce wa yara su bar mim yadda take, ita ce karkatar layin, jim kaɗai za su sauya, sai su sami layi biyu da za su yi ta tafiya tare ba su taɓa haɗuwa ba. In na faɗi haka sai in ji kamar da ni ake.

Tsinka ta ƙare, na ji ana cewa jibi lori zai kwashe mutanen Dinder. Da safe na fito na kama hanya. Muna cikin tafiyarmu ta kurame sai ta tsaya.

"Ya ustaz, an rufe moya tun shekaranjiya. Mi kake jira?"

Na duba tur'a, babu ruwa, sai laka. Ban tsaya naɗe farar jallabiyata ba na faɗa ciki. Laka ta riƙe takalmi ɗaya, na bar mata. Na hau gefenta ina haki, maganar kuma ta gudu.

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Ba ni za ka yi ma magana ba. Ga baba can."

Haka na je na durƙusa gaban tsohon da takalmi ɗaya. Ya daɗe yana kallon ƙafata, sannan ya ce in turo manyana.

Har yau in jikokinmu suka kawo mata aikin lissafi, sai ta ce su kai wa kakansu, amma in ya ce akwai layin da ba sa haɗuwa, su tambaye shi ina takalminsa.