Irin Shinkafar Da Na Dafa Wa Baƙi

A wancan lokacin ban daɗe da gama karatun aikin gona ba, kuma ni ce mace ta farko daga ƙauyenmu da ke ƙasar Wushishi da ta samu aikin ofis a Minna. Wata ƙungiyar tallafi ce ta ɗauke ni, irin waɗanda kuɗinsu ke zuwa daga ƙasashen waje don rage talauci a karkara. Na kama ɗaki a Tudun Fulani, aka ba ni riga mai tambari, duk mako farar mota ta kai ni ƙauyuka in koya wa manoma sabon irin shinkafa. Gaskiya ina ji da kaina. Gani nake duk abin da iyayenmu suka sani tsohon yayi ne.

A gidanmu akwai wata shinkafa da muke kira 'yar kaka, domin kakata ce ta taho da irinta daga garinsu. Doguwa ce, mai jan baki, ba ta cika buhu da yawa, amma in ruwa ya taso a fadama sai ta riƙa binsa tana ƙara tsawo. In ana tuwonta, tun daga bakin masallaci za ka san gidan da aka ɗora tukunya. Rabin ƙauyen a wurin Baba suka samu irin.

Ba zan ɗora wa ƙungiyar laifin da ba nata ba. Tsarinsu shi ne kowa ya gwada sabon iri a rabin gona, ya bar rabi da na gargajiya. Kuma shekarar farko an ga alheri: da takin da aka raba, amfanin ya yi yawa, gidaje suka samu rufin kwano, yaran da aka cire daga makaranta suka koma. Ni ce na zarce. Da na ji oganmu yana cewa masu ba da tallafin za su zo su ga ƙauye ɗaya da ya fi karɓar shirin, sai na ƙudura lallai namu ne. Na bi gida-gida, Musulmi da Kirista, ina ce musu wanda ya riƙe tsohon iri shi ya riƙe talaucinsa da hannu biyu. Saboda 'yarsu ce ni, suka yarda. A damina ta biyu babu wanda ya shuka 'yar kaka. Baba ma ya bi ni, sai dai ya ware ƙaramin buhu ɗaya ya ɗaga a rumbu, ya ce mini ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Ana gobe baƙin za su zo, na dafa sabuwar shinkafar don gwaji, na ji ba ta da ƙanshin da zan yi alfahari da shi. Baba ya tafi kasuwa. Na shiga rumbu na sauke buhun nan, na kai inji aka ɓare. Na gaya wa kaina in aka samu sabon iri duk shekara, me za a yi da wannan? Washegari baƙi suka ci har da ƙari. Wata baturiya a cikinsu ta sa aka tambaye ni ko wannan ce shinkafar shirin, na gyaɗa kai. Suka tafa, aka ɗauki hotuna, aka rubuta ƙauyenmu cikin waɗanda suka fita daga ƙangin talauci. Bayan motoci sun tafi, na tarar da Baba zaune a gindin rumbu. Tun lomar farko ya gane. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Kin karrama baƙi, Allah ya ba da lada. Amma abin da kika dafa ba abinci ba ne.” Na yi dariya na ce Baba ke nan da rigima.

Ba a daɗe ba aka tara mu a ofis, oga ya sanar da mu cewa ƙasar da ke ba da kuɗin ta sauya manufa, an rufe shirin. Taki ya daina zuwa, sabon iri ma haka. Mutane suka shuka wanda suka ajiye daga girbin baya, ya fito wani dogo wani gajere, babu ƙarfi. A daminar da ta biyo kogi ya cika ya malalo fadama, shinkafar nan gajera ta kwana huɗu a ƙarƙashin ruwa ta ruɓe. Tsofaffi suka tsaya a bakin gona suna cewa da 'yar kaka ce, da ta ɗago kai. Ba wanda ya zage ni. Da na je gida ma gaishe ni suke yi suna jajanta mini rashin aiki, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Daga nan na fara nema. Na zaga kasuwar Wushishi, na je Zungeru, na bi masu awo a Minna ina kwatanta musu jan bakinta, suna nuna mini wasu masu kama da ita. A ƙarshe wata tsohuwa Kirista, ƙawar marigayiya mahaifiyata, ta tuna tana da ɗan ragowa a cikin gora da toka. Bai wuce cikin tafin hannu ba, kuma ita kanta ba ta san shekarunsa ba. Na kawo Tudun Fulani na shuka a tsohon baho a bayan ɗakina. Baba, wanda ƙafa ta riga ta hana shi zuwa gona, kullum da safe sai ya sa a kira ni a waya ya tambaya ko ta tsiro. Mako uku ina ba shi haƙuri. Ranar da na tona ƙasar na ga ƙwayoyin sun zama baƙaƙe, na gaya masa gaskiya ina kuka. Ya ce in daina, iri ma yana da kwanansa kamar mutum. Bai kai kaka ta gaba ba ya rasu.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta, ina da aure da 'ya'ya biyu, kuma ba su taɓa jin ƙanshin tuwon da na tashi da shi ba. Nakan so in kwatanta musu, sai in rasa da me. Har yau in na ga tsohuwa da kwanon shinkafa a kasuwa, sai na tsaya na ɗiba na duba.

Ban rubuto don in ce a ƙi tallafi ba, na ga amfaninsa da idona. Amma mai tallafi baƙo ne, ranar tafiyarsa ba a hannunmu take ba. Ku matasan da ake ɗauka irin wannan aiki, ku ji tsoron ranar da za a tafa muku. Kafin ku ce wa tsoho ya saki abin da ke hannunsa, ku zauna ku tambaye shi dalilin da ya sa ya riƙe. Ni ban tambaya ba, kuma wanda zai ba ni amsar ya tafi.