Harisu a Ƙofar Bas

Labari ya cika unguwar Agege ta Legas cewa Harisu, wanda aka tura Malesiya ya koyo haɗa magunguna, ya watsar da karatu ya zama kwandasta. Kafin labarin ya kai Ikeja har an saya masa motoci bakwai. Mahaifiyarsa, Hajiya Turai, ta ga hotonsa a ƙofar bas baki buɗe, ta rantse ko dai a yi mata bayani ko ya tattaro ya dawo.

To, ƙarya ce tsagwaronta. Litinin zuwa Juma'a yana aji, da yamma ya dafa taliyar da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Ran Asabar ne yake kwasar sababbin ɗaliban da kewar gida ta kwantar, ya kai su bakin teku ko kasuwar da ya gano ana sayar da kuɓewa. Matsalar ɗaya ce, yaron da ya taso cikin danfo, motocin hayar Legas, ba ya iya shiga mota salin-alin. Sai ya tsaya a ƙofa ya ƙirga mutanensa, yana kwaɗa kiran sunan unguwa, direba na kallon ikon Allah.

Da Harisu ya yi wa Hajiya bayani ta waya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ya zauna ya gama karatunsa. Wani ɗan baffansa, ba sai an faɗi suna ba, ya fizge wayar ya ce, “Oga kwandasta, akwai wuri zuwa Oshodi?”

Harisu ya ce, “Akwai, amma ɗalibai nake ɗauka. Kai da ka gudu tun aji uku, bi mu a ƙafa.”