Tsibirin da babu ruwa kewaye da shi

Shekarun baya, ina kolej a Gure, aka sa gasar ƙagaggun labarai a kan yadda duniya za ta zama nan da shekara ɗari. Labarin da mushenmu, wato malaminmu, ya zaɓa, za a kai shi Damagaram. Ni kuwa lokacin ji nake daga Kelle har Gidigir babu marubuciya kamata, alhali ban taɓa cika shafi uku ba.

Na rubuta labarin wani tsibiri. Rairayi ya cinye duniya kaf, saura kwari ɗaya mai dabino da rijiya da kanwa. Mutanensa suna ƙera jiragen da iska ke turawa bisa tuddan rairayi, suna neman ko akwai sauran ɗan Adam. Kwarin da aka haifi mahaifiyata na kwatanta, har gorubar bakin rijiya ban bari ba.

Mushe ya kira ni, ya nuna mini kalmar tsibiri da ya zagaye da jan bik.

"Ke, kin taɓa ganin teku?"

"A'a, mushe."

"To tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye. Ki goge ki sa kwari, ko ki zuba masa ruwa. In ba haka ba, ba zan aika ba."

Na ce masa a littattafan da yake ara mana, ana kai mutane tsibiri ne don a yanke su daga kowa, a ga abin da za su yi. Ya ce ba muhawara ya kira ni ba.

Na koma gida ina huci. Mahaifiyata tana tankaɗe, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni ban san tsibiri ba. Amma shekarar da rairayi ya rufe mana hanya, wata biyu ba mai shiga ba mai fita. Ki tambaye shi sunan wannan."

Washegari na mayar masa da kayena, littafin da na rubuta labarin a ciki, ko ɗigo ban canza ba. Bai aika ba. Labarin wata abokiyata aka kai, mai kwakwa da ƙaton kifi kamar gida, ita da ko kogi ba ta taɓa gani ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ban yi da-na-sani ba, har yau kuwa ban yi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a ce sai na aro tekun wasu kafin a yarda na yi mafarki.

Bara na raka mahaifiyata kwarin nan. Kawunan dabino kaɗai suka rage a saman rairayi. Ta daɗe tana neman inda rijiyar take, sai ta juyo ta ce, "Ya nutse."

Kayen yana nan a akwatina, da jan zagayensa. Na so a ce mushe yana wurin ya ji kalmar da ta faɗa.