Noti Biyar a Gwangwanin Madara

Me ya sa yaron da na goya shekara biyu bai taɓa zama a gabana ba, amma ya zauna a gaban ubansa? Har yau ban samu amsa ba. Duk sanda na ji ƙaurin dalma sai tambayar ta dawo, hawaye ya biyo ta. Ki rubuta haka, jikata, kada ki gyara mini.

Autana ne, a gidanmu na unguwar Magajiya, shekarun da ma'aikatan Abuja suka fara cika Suleja da haya. Ba ya gama tuwo, ba ya gama aike. A tura shi sayen gishiri, sai a tsince shi a kan mangwaron maƙwabta. A makarantar boko suka ce ya hana aji karatu.

Babu abin da ban yi ba. Rubutu ya sha har ya ƙi jinin ƙwarya. Na yi masa hayaƙi, na yi masa wanka da saiwoyi. Wata damina na ɗaure ƙafarsa da zane a jikin turmi don in samu in yi daka. Bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi.

Wata 'yar hayarmu, Bakanuwa mai aikin jinya, ita ta ce ba aljanu ba ne, mu ga likita. Ni na ja shi har Abuja, ubansa na biye. Likita ya ce, "Mama, ba taurin kai ba ne. Hankalinsa ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai ƙwaya in ta kama, amma ku fara da wannan: aiki kaɗan-kaɗan, magana ɗaya-ɗaya, in ya yi ku yaba masa. Ku gaya wa malaminsa ma."

Ni ƙwayar na so. Na dawo ina mitar an hana mu magani. Malam, maigidana, shi ya riƙe maganar. Gyaran rediyo yake yi a zaure. Sai ya zuba noti biyar a gwangwanin madara. Yaron ya ɗaura biyar ɗin, ya ruga bakin rijiya ya dawo, a zuba masa wasu biyar. In ya gama, Malam ya ce, "Madalla, injiniya."

Ina tsakar gida ina jin dariyarsu. Na ce, "Ka sangarta shi, ni ka mai da ni dodo." Ya ce, "To zo ki zauna da mu mana." Na ƙi. Na taɓa kwashe notin na binne a tokar murhu, Allah ya yafe mini. Washegari Malam ya zuba wasu.

Yaron ya girma, yana da shagon gyaran lantarki a Gauraka. In ya zo gida, a zaure yake daɗewa, ni gaisuwata a tsaye. Yanzu an ce iyaye da malamai sun fara sanin wannan lalura. Su ma kishinsu nake, don sun sani da wuri.

Ranar da Malam zai cika, da hantsi, yaron ya fita neman motar kai uban asibiti, ina bin bayansa da ido. Malam ya kama hannuna ya ce, "Ke kika kai shi Abuja, ni noti kawai na ƙirga. In ya zo bayan raina, kada ki ce masa ya zauna. Ki tashi ki taka masa."