Haladu Maƙeri da Zobe na Bakwai

Kullum idan aka idar da sallar asuba, Malam Haladu Maƙeri yakan bi ta bayan kasuwar Wudil ya nufi maƙerarsa. Ya kwashe toka, ya zuba gawayi, ya zauna gaban uwar maƙera. Shekara arba'in yana yi wa manoman Kausani da Ɗankaza fartanya da lauje da garma. Ran Juma'a ce kaɗai ba ya hura wuta. Ranar kasuwa ce, ranar da kowane maƙeri yake ciniki, amma shi sai ya rataya wata tsohuwar jakar fata ya tafi inda masu wasa da biri suke tara jama'a. Ba rawar yake kallo ba, ƙugun birin yake dubawa.

Watan jiya ya rufe maƙera. Babu wanda ya tara masa mutane, babu wanda ya ce masa sannu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace nake wannan rubutu.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba, mu da muka girma muna tafa wa biri. Gwaggon biri yana da wayon hannu: igiya zai kwance, kwaɗo zai yi ta tsokana har ya buɗe. Don haka idan aka kamo shi yana ƙarami, wajen maƙeri ake kai shi, a zagaya masa zoben ƙarfe a ƙugu, a daddale da ƙusa yadda ba zai sake buɗuwa ba, sannan a maƙala sarƙa. Birin yana girma, zoben yana nan yadda yake. Bayan 'yan shekaru sai ƙarfen ya nutse cikin nama. Rigar nan mai ban dariya da ake saka masa, rabin aikinta rufe gyambo ne.

Da ƙuruciyarsa, Malam Haladu ya daddale irin wannan zobe guda bakwai. Aiki aka kawo masa, ya yi, bai sake tunawa ba. Sai wata Juma'a yana wucewa ya ga wani biri ya yi tsalle, rigar ta ɗage, ƙudaje suka tashi. Maƙeri ba ya kasa gane aikin hannunsa. Daga yadda aka fyaɗe kan ƙusar ya gane nasa ne.

Matarsa Barakatu ta ce mini ranar ko abinci bai taɓa ba. Ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Barakatu, na rufe ƙarfe a jikin mai rai har sau bakwai. Idan ban buɗe su ba, ban san abin da zan faɗa wa Ubangiji ba."

Tun daga ranar ya shiga neman zobbansa. Ya ƙera wani sabon iri, mai faɗi, an naɗe shi da fata mai laushi, ana ɗaure shi da noti yadda za a iya sassautawa. Kyauta yake bayarwa, shi ma sai ya yi ta roƙo. Masu birai ba sa so, don biri mai jinya ba ya wasa sai ya warke. Wanda ya yarda, sai a lulluɓe kan birin da buhu, amininsa Maikano mahauci ya danne shi, Malam Haladu ya zura siririn ƙarfe tsakanin zobe da nama, ya ɗora kurfi, ƙarfen da maƙera suke yanka da shi, a kan ƙusar ya buga. Kuskure kaɗan, ƙashin bayan dabbar ne zai tafi. Barakatu kuma ta wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, ta shafa man kaɗanya.

Maikano ya ce birai da kuraye da suka bi ta hannunsu sun fi talatin, domin Malam ba ya tambayar wa ya ƙera, duk wanda ya gani a matse yankewa yake yi. Amma nasa bakwai ɗin su ne suka tsaya masa a rai. Ya bi ɗaya har Gaya a ƙafa. Ya tarar da wani ya mutu kwana biyu kafin ya isa, ya sa aka tono gawar ya cire zoben, sannan ya mayar da ƙasa. Mutanen garin suka ce tsohon ya taɓu.

Mu fa, me muka yi? Dariya. "Likitan birai" muke ce masa idan ya wuce. Tun da kuɗin mai suka shigo, kasuwar Wudil ta cika da sababbin babura da rediyo, kowa aljihunsa da nauyi, kowa yana son a ba shi nishaɗi. Da, birin ya yi rawa sau biyu a ba shi gyaɗa ya huta. Yanzu sai ya sha taba, ya yi faretin soja, ya yi ta alkafura a kan ƙasa mai zafi daga hantsi har la'asar, domin ga wani ɗan kwangila can yana watsa sababbin takardun naira yana cewa a ƙara. Ni ma na tsaya a wannan da'ira, na yi dariya har da hawaye. Ina jin kunyar haka.

Na shida shi ne wani ƙaton biri mai suna Goje, na wani mai wasa, Isyaku. Shekara uku Malam Haladu yana bin sa. Isyaku ya ce, "Baba, ka bar ni in nemi abinci. Ciwon nan ai shi ke sa shi biyayya. In na girgiza sarƙa kaɗan, nan take yake miƙewa." Sai da Goje ya fara faɗuwa a tsakiyar wasa, mutane suna watsewa, sannan ya kawo shi.

Bara ne, bayan kaka, a gaban idona. An zura ƙarfe, an ɗora kurfi, sai buhun ya zame. Goje ya juyo ya kafa haƙora a hannun daman Malam, a gindin babban yatsa. Maikano ya yi ihu, "Haladu, saki! Saki mana!" Bai saki ba. Ya ce, "Danne shi, saura bugu ɗaya." Da wannan hannun mai zubar jini ya ɗaga masaɓa ya buga, ƙusar ta fita. An ɗinke hannun a Kano, ciwo ya warke, amma yatsan ya sandare. Hannun da ya yi shekara arba'in yana riƙe masaɓa, yau cokali ma da dabara yake riƙe shi.

Kai ne, Malam Haladu, maƙerin da ya koma yana kwance aikin hannunsa. Mutane da yawa sun yi ɓarnar da ta fi taka, suna nan sun hau mota suna ɗaga mana hannu. Kai kuwa ka bi taka ƙauye ƙauye, ba wanda ya kai ka ƙara, ba wanda ya ma san laifi ne. Dabbobin da ka ceta ba su iya godiya ba, ɗaya ma hannunka ya ci. Ban taɓa jin ka zage shi ba. Cewa ka yi, "In ni ne shi, da na fi haka cizo."

Juma'a uku da suka wuce, na bakwai ya zo da kansa har Wudil. Tsohuwar birinya ce, a hannun wani mai wasa daga wajen Azare, tana rawa tana dafe ƙugu da hannu ɗaya, jama'a suna ta shewa sun ɗauka salo ne. Malam Haladu ya duba sau ɗaya ya zauna a ƙasa. Mai ita ya yarda a cire, don ta kusa daina amfani.

Ya koma maƙera ya gwada bugu da hagu a kan wani guntun ƙarfe. Sau uku yana kuskure. Ya ce ba zai gwada haka a bayan mai rai ba. Ya zaga wajen maƙeran garin, kowa ya kalli yatsan Malam ya ce yana da iyali. Ƙarshe ya je wurin Sharhabilu mai walda, wanda yake ta haɗa ƙofofin ƙarfe na sababbin gidaje.

Sharhabilu ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "Baba, biri kuma? Kawo ta in yanke da wuta, minti ɗaya an gama."

"Da wuta, a jikinta?"

"To Baba, ni abin da na iya ke nan. Ka ga aiki ya yi mini yawa."

Malam ya dawo ya tarar wasa ya tashi. Ya sayi mangwaro biyu ya ba birinyar, ya tsaya har aka jefa ta bayan wata babbar mota. Mai ita ya ce zai dawo Juma'ar farko bayan Babbar Sallah, in ta kai.

Mun gode, Malam Haladu. Allah ya saka maka, ya yafe mana dariyar da muka yi. Ku kuma masu karatu, ba kuɗi nake roƙa masa ba, ya ce ba ya so. In kun ga biri da riga, ku sa a ɗaga rigar kafin ku tafa. Maƙeran Wudil da kewaye, kurfi da masaɓa suna nan, sabon zobe yana nan, Maikano ya ce zai danne, Malam zai nuna daidai inda za a buga. Hannu ɗaya mai lafiya ake nema. Ni malamin makaranta na miƙa nawa, ya juya shi ya ce alli ya riga ya lalata shi.

Na ce masa, "To Malam, in ranar ta zo ba a sami kowa ba fa?"

Ya kalli yatsansa. Ya ce, "Zan je dai in zauna kusa da ita. Ni na rufe ta, bai kamata in bar ta da masu tafi kawai ba."