Takalman Cikin Akwati

Har yau in na ga takalmin ƙwallo sai raina ya ɓaci, don yana tuna mini malamin wasanninmu na makarantar Tudun Wada.

Ba zan tauye masa haƙƙi ba, ya iya horo. Kullum da sassafe sai mun yi gudu zuwa Gyallesu mun dawo, saboda haka babu ƙungiyar da ta fi mu numfashi. Dabararsa ɗaya ce tak: mutum biyar a gaba, uku a tsakiya, mu biyu a baya. Duk ƙwallon da ta zo mu ɗaga ta sama, dogon cikinmu ya sa kai. Da ƙananan makarantu tana ci.

Takalma ne suka kashe mu. An samo mana masu ƙusa, fatarsu kamar ƙirgi, ya kulle su a akwati wai kada su lalace. Duk mako mu yi atisaye ba takalmi, ranar wasa ya buɗe akwati ya raba.

Ni ba mai magana ba ne, amma ina rubuta kowane wasa a bayan littafina na tarihi. Abin a fili yake: kafin hutun rabin lokaci muna kan kowa, bayan hutu ƙafa ta yi bororo, sai a yi ta zura mana. Sau uku ina zuwa wurinsa da littafin, in gaishe shi in juyo. A na huɗu na ajiye masa. Ya duba shafi ɗaya.

"Sannu, malam marubuci. Ka taɓa ganin Bature yana ƙwallo ba takalmi?"

Ya turo mini abina.

Wasan ƙarshe na cin kofi da 'yan Sabon Gari muka yi, yawancinsu 'ya'yan 'yan kasuwar kudu. Ƙafarsu a sake, suna miƙa wa juna ƙwallo a ƙasa, gajere-gajere. Aka tafi hutu ɗaya da ɗaya. Dugadugaina sun fashe, safa ta manne da jini. Na zauna na kwance igiya na cire takalman.

Malam ya tsaya a kaina. "Mayar."

"Malam, a yi haƙuri. Ba na iya gudu da su."

"To ai ka iya zama."

A lokacin ba a canjin ɗan wasa. Ya gwammace mutum goma masu takalmi da sha ɗaya da ɗayansu ba shi da shi. Ina zaune a bakin fili aka ci mu uku, duka ta gefen da nake tsarewa.

Ranar Litinin a gaban dukan makaranta malam ya ce taurin kaina ne ya hana mu kofi, ya cire ni daga ƙungiya. Littafin yana aljihuna. Shugaban makaranta yana tsaye, taku biyar tsakanina da shi. Na sunkuyar da kai, ban ce komai ba. Rabin fushin da nake yi har yau na wannan shirun ne.