Jinin Yamusa Direba

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar nan a shekarun da benaye ke tsirowa a Abuja kamar ciyawar damina ya san Yamusa direba. Kullum daga Lugbe yake fitowa, kuma shekara goma sha ɗaya bai taɓa ko kartar fentin motar gwamnati ba. Shi ne kuma ladanin ɗan masallacin da ke bayan ofis. Mahaifinsa limami ne a Karshi, a wurinsa ya gaji muryar.

Sai ƙafar dama ta fara yi masa gardama. Yau ta mutu murus, jibi ta farfaɗo kamar ba ita ba. Ido ɗaya ya yi hazo, harshe ya yi nauyi. Wata Talata ya fito kiran Azahar yana tangaɗi, kalmomin suna harɗewa a bakinsa. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba sa jiran likita. Kafin La'asar an gama yanke hukunci: Yamusa giya yake kurɓa.

Ya yi rantsuwa har ya gaji. Ya je aka ɗebi jininsa: babu maleriya, babu taifot, babu suga. Sau bakwai ana ɗiba, kuma kowace takarda ya kawo sai ta zama shaida a kansa. Aka ce ai sai abin ya sake shi yake zuwa asibiti.

"Jininka clean ne, Yamusa," in ji ogansa. "To ina problem ɗin? Ajiye key kawai."

Ya ajiye. A masallaci ma aka ba wani lasifikar. Duk wannan ya shanye. Abin da ya karya shi ranar da ya je Karshi wurin mahaifinsa ne. Tsohon bai tambaye shi komai ba, bai ko ɗago ido daga tasbaharsa ba. Ya ce, "Ka ji tsoron Allah, ka tuba." Da damina tsohon ya rasu, a kan wannan zaton.

Bayan wata biyar wata likitar jijiyoyi, Dakta Clara, ta sa aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Ta ce cutar sunanta em-es: garkuwar jiki ce ke cinye rigar jijiyoyi, kamar yadda ɓera ke gaigayar wayar lantarki. Ta ce tana cikin masu binciken da ke neman alamar cutar a cikin jini, ko zai yarda ya bayar?

"Likita, da akwai wannan awon tun farko, da an gani?"

"Wataƙila, malam. Ba mu kai can ba tukuna."

Yamusa ya naɗe hannun riga. "Ɗebi son ranki. Kar a sake yi wa wani."

Yanzu da sanda yake tafiya, ya yi shiru, dariyarsa ta tafi. Takardar likitar ya kai wa wani malami a Lugbe ya juya masa ita da ajami, kalma bayan kalma, domin Baba ba ya karanta boko. Malamin ya san liman ya rasu, amma ya rubuta. Tana nan a aljihun gaban rigar Yamusa, ta yi laushi saboda ninkewa. Har yau bai nuna wa kowa ba.